Idan an yi rashi a Yamai: daga rufe ido zuwa takardar mairi

Kawuna ya cika da wajen ƙarfe uku na dare, cikin zafin watan Afrilu, a wata likita ta nan Yamai. Mu huɗu ne a bakin gadonsa, dukanmu magidanta, amma da rai ya yi halinsa sai muka tsaya cirko-cirko muna kallon juna. Kowa a cikinmu ya sha bin sahun jana'iza, kowa ya sha sa kafaɗa a makara. Sai dai bin sahu daban, a ce kai ne mai gawa daban. Abin da zan jero nan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini kafin wannan dare.

Sa'ar farko

In kana kusa lokacin da mutum yake gargara, ka riƙa faɗin kalmar shahada a hankali inda zai ji. Kada ka matsa masa da "ce kaza, ce kaza". Idan ya cika, a yi Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a shafe masa ido, a ɗaure haɓa da ƙyalle zuwa tsakar kai don kada baki ya saki, a miƙe hannuwa da ƙafafu tun jiki bai sandare ba, a zare zobe da agogo, a lulluɓe shi da zane. Hawaye ba laifi ba ne. Kururuwa da birgima da yaga tufafi su ne abin hani, kuma galibi tsohuwa guda mai natsuwa ta ishi ɗaki ta kwantar da su.

Idan a gida abin ya faru, a nemo ma'aikacin lafiya ya duba ya tabbatar. Doguwar suma tana ruɗin mutane, kuma takardar da zai sa wa hannu za ta yi amfani nan gaba. In kuwa haɗarin mota ne, ko nutsewa a kogi, ko mutuwar da ke da alamar tambaya, kada a taɓa komai, a kira ƴan sanda a 17 ko ƴan kwana-kwana a 18. Gaggawar rufewa ba ta ba ku ikon ɗauke gawa kafin hukuma ta gani ba.

Daga nan, tun kafin a kira kowa, a tsayar da mutum ɗaya wanda waya da aljihu za su kasance a hannunsa. Ba dole ya zama babban ɗa ba. Sau da yawa babban ɗa shi ne wanda ƙafarsa ba ta ɗaukarsa a ranar. Ƙanin uba, ko suruki, ko aminin mamaci, wanda dai bai ruɗe ba kuma ana jin maganarsa. Shi zai ce wane ka tafi maƙabarta, wane ka sayo yadi, wane ka sami liman. In ba a yi haka ba za ka ga mutum uku sun sayo likkafani, ba ko ɗaya da ya je wajen masu haƙa.

Sanarwa

Iyaye, mata ko miji, da ƴaƴa, su ne farko, kuma da murya, ba da rubutu ba. Tsoho ko mai hawan jini a tura masa mutum takanas. Iyayenmu da suke cewa "jikin wane ya yi tsanani, ki taso" sun san abin da suke yi: suna ba zuciya hanya ta isa wurin da kanta. Yau kuwa yaro ɗaya mai hanzarin yatsa ya isa ya sa ƴar mamaci da ke aure a Maraɗi ta ga hoton ubanta a WhatsApp da "Allah ya jiƙan Baba" a ƙarƙashi tana tsakar dama fura. A ja kunnen matasan gida su dakata sai an ba su izini. Hoton gawa kuma kada a ɗauka sam.

Sanarwar jama'a sai an tsayar da wuri da lokaci, don gyara saƙon da ya riga ya bazu ya fi rubuta shi wuya. A sa sunan mamaci da laƙabin da aka fi saninsa da shi, unguwarsa, inda za a yi salla, ƙarfe nawa, wace maƙabarta, da gidan da za a zauna makoki. A gaya wa limamin unguwa ya faɗa bayan salla. Mai son ta kai ƙauyuka sai ya kai gidan rediyo, Muryar Sahel ko Anfani ko Sarauniya, don har yanzu akwai tsofaffin da rediyo ce wayarsu.

A nan za a rufe shi, ko gida za a kai shi?

Mu ƴan Adar, wato yankin Tawa, mazauna Yamai, wannan ce tambayar da ke cinye mana safiya. Daga Yamai zuwa Tawa tafiyar kilomita wajen 550 ce, ta Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, a karya arewa a Tsarnawa, a bi ta Badagishiri. Yini guda ne cur a mota, kuma a bazara zafi yana haura digiri 40. Sunna kuwa gaggauta sutura ce. Wanda ya taɓa zama bayan mota tare da gawa a irin wannan rana ba ya buƙatar a yi masa wa'azi.

A namu daren, gardama ta kai har asuba. Wasu na cewa ina mutuncinmu in aka ce mun bar shi a baƙon wuri, bayan ga kushewar iyayensa can. Wanda ya raba ta yayan mamacin ne, tsoho mai shekara tamanin da wani abu, da aka kira shi a waya. Ya yi shiru, ya ce: "Ku ruhe shi nan inda Allah ya amshi abinai. Ƙasa duk ta Allah ta. Ku dai ku taho muna gaisuwa." Shi ke nan. Ra'ayina ke nan ni ma: a rufe mutum inda ya cika, kuɗin motar a bar wa marayu, gaisuwa ita ce mai tafiya.

Amma in iyali sun tsaya a kan sai gida, to a yi shi da tsari. A yi wanka da likkafani tun a Yamai. A karɓi takardar likita da izinin hukuma na ɗaukar gawa daga gari zuwa gari, don akwai shingayen jami'an tsaro a hanya kuma za su tambaya. A tashi da sassafe, kada dare ya riske ku. A kira can su haƙa kabari su shirya, ta yadda daga isa sai salla.

Wanka da likkafani

Wanda ya rasu a likita, akan kai shi ɗakin ajiyar gawa, kuma a Yamai yawanci can ake wankan, a sa likkafani, jama'a su taru a ɗauko shi. Shi ya sa kake yawan jin sanarwa tana cewa za a ɗauki gawa a babbar likita ta ƙasa, a rufe a maƙabartar Musulmi ta Yantala. Akwai waɗanda suka saba da aikin a wurin, maza da mata. Duk da haka wani na jiki ya shiga tare da su, ko da zuba ruwa ne nasa.

In a gida ne, namiji ke wanke namiji, mace ta wanke mace. Miji da mata kuwa ɗayansu na iya wanke ɗaya. A zaɓi mai sani, mai riƙon asiri, don abin da ido ya gani a ɗakin nan ba na fira ba ne. Mutum uku sun isa. A tanadi bokiti biyu, buta, sabulu ko dakakken ganyen magarya, kafur, turare, auduga, safar hannu da tsummoki masu tsabta.

A ɗora mamaci a kan abu mai ɗan tudu don ruwa ya wuce, a rufe al'aurarsa da zane tun kafin a zare tufafin jikinsa, kuma zanen nan ba ya tashi har a gama. A ɗan tada shi zaune a shafa cikinsa a hankali don abin da zai fita ya fita. Mai wanka ya naɗe hannunsa da tsumma ya yi masa tsarki ta ƙarƙashin zane. Sai alwala irin ta salla, amma baki da hanci da jiƙaƙƙen ƙyalle ake gogewa, ba a ɗura ruwa. Sai kai, sai ɓarin dama, sai na hagu. Wanki ɗaya da ya game jiki shi ne wajibi. An fi so a yi uku, ko biyar in da buƙata, a tsaya a kan mara, a sa kafur a ruwan ƙarshe. Mace a kwance mata kitso a wanke, a yi mata kalaba uku a mayar baya. Ba a yanke farce, ba a aski. A taɓa shi da tausayi kamar yana ji. Wanda cuta mai yaɗuwa irin kwalara ta kashe kuwa, a bar wa ma'aikatan lafiya su ja gaba, wannan ba wurin nuna zumunci ba ne.

Kafin a ruga kasuwa sayen yadi, a tambayi matar gida. Tsofaffi da yawa sun ajiye likkafaninsu a ƙasan adaka shekara da shekaru, wasu ma daga Makka suka zo da shi. Namu kawun haka ya yi. Mun riga mun sayo, sai ga nasa an fiddo a naɗe cikin leda, yana ƙamshin turaren da ya sa masa da hannunsa. Farin yadi ake so marar tsada. Ƙyalle ɗaya da ya rufe jiki duka ya wadatar in babu hali. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, a cikin farare uku aka sa shi. Littattafan Malikiyya da malamanmu ke karantarwa sun so biyar ga namiji, wato riga, rawani, gyauto da mayafi biyu, bakwai ga mace, da kallabi a madadin rawani da mayafi huɗu. A bar rarar kamar kamu guda ta kai da ta ƙafa don ɗauri, a yago siraran igiyoyi daga gefen yadin. Telan unguwa ya san yankan, kuma da wuya ya karɓi ko dala. A turara likkafanin, a sa turare a gaɓoɓin sujada, a naɗe, a ɗaure.

Kabari

Wannan aikin tare yake tafiya da wanka, ba bayansa ba. Tun da aka tsayar da maƙabarta ya kamata mutum biyu su kama hanya da awon mamaci. A ƙauye da karan dawa ake aunawa, a birni igiya ma ta yi. A manyan maƙabartun Yamai akwai masu haƙa da ke wurin kullum, sai a same su a yi magana, a kuma sallame su da abin kirki, don aikin diga cikin rana ba wasa ba ne. A Tawa da ƙauyukanta samarin unguwa ne ke fita da diga da shebur, kuma inda ƙasa ke da dutse sai an ba su lokaci.

Kabarinmu uwa da ƴa ne: babban rami, sannan siririn rami a tsakiyarsa daidai kwanciyar mutum a kan ɓarinsa. Tsawonsa kudu da arewa, don alƙiblarmu gabas take, an ɗan karkata arewa. A tanadi abin rufe ƴar, itace ko bulo ko fasassun tukwane, gwargwadon abin da aka saba a wurin, da bido biyu ko uku na ruwa don kwaɓa laka. Ruwan nan shi aka fi mantawa. Da damina a leƙa ramin kafin a taso, kada a iso a tarar ya yi ruwa.

Salla

Lokacin da ya fi sauƙi shi ne da hantsi, ko bayan azahar, ko bayan la'asar tun rana ba ta yi ja ba. A kauce wa daidai fitowar rana da faɗuwarta. Wanda ya rasu da dare a rufe shi da safe, wanda ya rasu da safe kada ya kwana. Jiran ɗan da zai taso daga Abijan ko Agadas ba hujja ba ce. In ya zo ya je kushewa ya yi addu'a.

Kafin a tada kabbara, wani babba daga dangi ya juya ga jama'a ya ce duk mai bin mamaci bashi, ko wanda mamaci ke bi, ya sami wane. A ambaci sunan mutum guda, ya ɗaga hannu a gan shi. Kada maganar ta zama ta al'ada kawai: wanda aka nuna ya sa littafi a aljihu, don masu zuwa za su zo, wasu a ranar, wasu bayan wata biyu cikin jin kunya.

A ajiye makara gaban liman, kan mamaci ta hannun damansa. Kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada, ana yi wa mamaci addu'a, sai sallama. Wani liman zai karanta Fatiha bayan kabbarar farko, wani addu'a zai yi bayan kowace kabbara kamar yadda Malikiyya suka tafi a kai. Wani zai tsaya daidai tsakiyar namiji da kafaɗun mace, wani daidai kan namiji da tsakiyar mace. Duk akwai malamai a bayansu. Ka bi limamin da ke gabanka. Na taɓa ganin an tsaya musu a kan wannan, gawa na ajiye cikin rana, ƴaƴan mamaci na kallo, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Rufewa

Mutum biyu ko uku na jiki su sauka. In mace ce, muharramanta ne ko mijinta, a kuma shimfiɗa zane a sama a kare ta har a gama sakawa. Mai sakawa ya ce Bismillahi wa ala millati Rasulillah. A kwantar da mamaci a kan ɓarin dama, kai kudu, fuska alƙibla, a tokare bayansa da curin ƙasa don kada ya kife ko ya koma rigingine, a kwance ɗaurin likkafani. A jera itacen ko bulon, a toshe kafofi da laka sosai yadda ƙasa ba za ta zubo masa ba, sannan a tura ƙasa. Kowa ya samu ya zuba tafi uku. A tada kabarin kamar ɗani guda, a yayyafa ruwa, inda dabbobi ke shiga a ɗora ƙaya. Sai a ɗan tsaya a roƙa masa gafara da tabbata, kada a watse kamar an tashi kasuwa. Wayoyi kuma a kashe su tun daga ƙofa.

A sa alama, dutse ko ɗan allon ƙarfe, kuma wani ya lura da wurin da kyau: ta wace ƙofa aka shiga, kusa da wace itaciya. A Yantala, bayan wata uku za ka tarar layuka sun ƙaru ta ko'ina, ka yi ta zagaye ba ka gane naka ba.

Zaman makoki

Kwana uku ne. Maza a ƙofar gida, mata a ciki. Tabarmi, rumfa, ƴan kujeru don tsofaffi, butoci, ruwan sha mai sanyi. Mai zuwa ya yi sallama, a yi addu'a, ya ce "ya haƙuri?", a ce "da godiya", ya ce "Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta", ya ɗan zauna ya tashi. Ba wurin siyasa ba ne, ba kuma wurin tambayar wace cuta ce ta kashe shi ba.

Abinci fa? Lokacin da labarin rasuwar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina daga yaƙin Mu'uta, a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzon Allah cewa ya yi a dafa wa iyalin Ja'afar abinci, don abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu mun juya abin: gidan da aka yi rashi shi ke ɗora tukunyar shinkafa ta ciyar da unguwa. In kai maƙwabci ne, aiko da kwano. In kai mai gawa ne, ka ciyar da baƙin da suka zo daga nesa, amma kada ka ci bashi don a ce an yi. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da gumba da masa da ake rabawa, malamai sun saɓa a kansu, kuma gida ɗaya kan haɗa masu yi da masu hanawa. A zauna a daidaita cikin gida tun daren farko. Abin da ba saɓani a kansa shi ne, ba a taɓa dukiyar marayu a yi ta. Mai so ya yi da aljihunsa.

Kuɗin gaisuwa da za a riƙa miƙowa, da wanda ƴan'uwa na Abijan da Kwatano da Libiya za su turo ta Nita ko Al Izza ko Amana, duk su bi ta hannun mutumin nan guda da aka ba waya da aljihu, ya rubuta shiga da fita, ya karanta wa iyali ranar tashi. A ranar farko kuma, gaban shaidu biyu, a tattara makullan mamaci da wayarsa da takardunsa a kulle wuri ɗaya. Ba zargin kowa ake ba. Wanda ya ga yadda zumunci ke watsewa a kan takardar fili guda zai gane.

Matar mamaci ta shiga takaba daga ranar rasuwar: wata huɗu da kwana goma da lissafin wata, mai ciki kuwa sai ta haihu. Ta zauna a ɗakinta, ta bar kwalliya da turare, amma tana fita don lalura, likita ko aiki. Cewa wai ba ta wanka sai Juma'a, ko sai ta riƙa yawo da ƴar wuƙa a hannu, al'ada ce kawai. Abin da ya fi wannan muhimmanci, wanda kuma ba a cika tambaya ba: wa zai biya hayar gidan, wa zai kawo hatsi cikin watannin nan? A yanke wannan tun dangi ba su watse ba.

Takardu

Nan ne mu muka yi sakaci. Takardar da likita ya bayar ba ita ce takardar mutuwa ba. Da ita ake zuwa mairi, wato ofishin magajin gari, a yi shelar rasuwar, mairi ta ba da ainihin takardar, wadda ma'aikata ke kira acte de décès. Yamai gunduma biyar ce, Tawa biyu, kuma mairin gundumar da aka yi rasuwar ake nufa. Wanda ya rasu a gida, a bi ta likitar unguwa ko wurin mai unguwa. Dokar 2019 ta ba da kwana 60. In suka wuce, sai an bi ta kotu da shaidu kafin a samu, abin da zai ɗauki safiya guda ya koma zirga-zirgar makonni.

Ka tafi da katin ɗan ƙasa na mamaci, ka tsaya a kan mai rubutu har ka ga ya kwafe sunan harafi bayan harafi. Sunan da muke kira iri ɗaya a baki yana da rubutu uku ko huɗu a boko: Mahamadou, Mahamane, Mamane, Mohamed. Da daren da kawu ya cika, wanda aka tambaya suna ya faɗi wanda ake kiransa da shi a gida, aka rubuta haka, ba wanda ya duba. Sai da aka je banki aka ce wannan ba shi ba ne.

Da takardar ta fito, a yi kwafi da yawa a buga musu hatimi. Sai taron dangi da ake tabbatarwa a kotu, conseil de famille, inda ake rubuta magada da wakilin da zai tsaya musu. Da waɗannan biyun ake buɗe kowace ƙofa: banki, da asusun fansho, wato CNSS in mamaci ma'aikacin kamfani ne, CARENI in na gwamnati ne. Rabo kuma da jerinsa: kuɗin sutura, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan gado, a hannun malamin da ya san lissafinsa. A bincika har da adashi, da kayan da mutane suka ba shi ajiya, da bashin mai kanti na kan kwana.

Mu gyaran suna ɗaya ya ci mana wata biyar, da zuwa Tawa sau biyu neman tsohuwar takardar haihuwarsa, wadda a ƙarshe aka samo a cikin adakar nan da likkafanin ya fito.